Tattaki A Bakin Teku: Shin Uwargida Tana Da Haƙƙin Shan Iska?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kewaye ta da ruwa, Ya ba mu ƙafafun takawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana mata, uwayen gida da amare da 'yan matan da ke jiran lokaci, musamman na nan yankinmu na Anka da Bukkuyum da Gummi. Yau wata 'yar magana na zo mana da ita, wadda in kika ji ta da farko za ki ce ai wannan ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Ki dai yi haƙuri ki biyo ni a sannu, in mun kai ƙarshe sai ki yanke hukunci da kanki.

Kin san yadda ake yi in mace ta dawo daga doguwar tafiya, ko Makka, ko Ikko wurin miji ko ɗa, ko Kwatano saro kaya. Gida ya cika maƙil, ana ta barka da sauka, idon kowa na kan akwati. Wannan tana jiran zamzam da dabino, waccan tana jiran kallabi ko turmin atamfa. A tambaye ta tsadar kaya, a tambaye ta zafin rana, a tambaye ta ko ta haɗu da wance. Da wuya ki ji wadda ta ce mata, "Hajiya, mi ya yi miki daɗi ga ranki?" In kuwa tsautsayi ya sa ta buɗe baki ta ce, bayan ibada, ba abin da ya kai mata daɗin wata safiya da ta yi tattaki a bakin teku har ta yi gumi, sai ki ga an kalli juna. Wata gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Tahiya ƙasa? Kuɗɗin jirgi kinka biya don ki tai ki yi tahiya ƙasa? Ke dai ɗiyata, ƙoshi ya yi miki yawa."

Daga ranar sai ta kama bakinta. Abin da ya faranta mata rai ya koma abin ɓoyo, kamar wadda ta yi sata. To tambayata ita ce: shin gwaggo ce ke da gaskiya? Daɗin da mace ke ji in ta miƙe ƙafa ta sha iska don kanta, ba aike ba, ba hidimar kowa ba, shin shashanci ne na waɗanda suka ƙoshi, ko kuwa haƙƙi ne da Allah Ya ba kowace baiwarSa?

Teku Ba Baƙonmu Ba Ne

Wata za ta ce, ina ruwan Bazamfara da teku? Gaskiya ne akwai nisa. In kika tashi daga Gummi ta Ɗaki Takwas, kika bi Zuru da Kwantagora, kika haye gadar Jebba, kika wuce Ilori da Badun, sai kin ci fiye da kilomita 800 kafin ki ga ruwan Ikko. Da yawanmu za mu rayu mu koma ga Mahalicci ba mu gan shi ba.

Amma ki duba gulbinmu. Gulbin Zamfara da ya biyo ta ƙasar Anka da Bukkuyum ya ratsa ta Gummi, ai bai tsaya nan ba. Ya wuce Jega a jihar Kebbi, ya faɗa gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kogin Kwara. Kwara ya bi ta Yawuri da madatsar Kainji, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya gangara kudu ya rarrabu, sannan ya shige Tekun Atlantika. Ashe ruwan da kika ɗauraye zanenki a ciki da damina, shi ma matafiyi ne, kuma teku ya nufa. Iskar da ke kawo mana hadari kuwa, daga wannan tekun take ɗauko danshi. Geron da ke rumbunki ruwan teku ya sha.

Haka kakanninmu. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa a ƙasa suke tafiya, maza da mata, wasu da goyo a baya. Su bi ta Kano da Barno, su keta Cadi, su shiga Sudan, suna tsayawa suna noma da ƙodago don su sami guzuri, har su isa Sawakin ko Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sai sun yi shekaru a hanya, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har gobe. Ki ƙiyasta a ranki tsohuwar da ta taka tun daga ƙasar Zamfara, ranar da ta fara hango ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Kina jin ba ta tsaya ta saki baki ba? Kina jin ba ta tsoma ƙafarta da ta sha faso a ciki ba?

Abin Da Ake Ji A Can

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ni kaina Allah Ya nufa na taka bakin ruwan Jidda, wanda mutanen can ke kira Kornish, bayan mun kammala Umara, ni da maigida da wasu mata biyu abokan tafiya. Mun fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Hanya ce doguwa mai tsafta da aka gyara don masu tafiya a ƙasa, ruwa na gefe guda, gari na ɗaya gefen. Ga masallacin nan na Rahama da aka gina kan ginshiƙai cikin ruwa, wanda in teku ya cika sai ki ce yawo yake a kai. Ga mata nan cikin abaya da niƙabi suna ta sauri, wasu da mazajensu, wasu uwa da 'ya'yanta, babu mai kallon wani.

Da farko nauyi nake ji, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya. Can sai na ji ƙafata ta saki. Iska mai ɗan gishiri tana kaɗa mayafina, ruwa na zuwa yana komawa, numfashina ya daidaita da takuna. Na ji zuciyata na bugawa, na ji gumi na bin bayana, sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai, bakina na ta tasbihi ba tare da na shirya ba. Rabon da in ji jikina sakayau haka tun ina yarinya muna gaɗa a dandali da farin wata. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata, wadda ta haifi takwas, ta juyo ta ce, "Wallahi Yaya, ashe ina da ƙahwahu!" Muka yi ta dariya, amma maganar tata ta zauna mini.

Wannan daɗin yana da dalilansa, ba tsafi ba ne. In jiki ya motsa, jini yana gudu sosai, huhu ya buɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta saki wasu sinadarai masu rage ciwo da kwantar da hankali. Shi ya sa mai tattaki ke dawowa a gajiye amma ransa fes. Bakin teku kuma yana da nasa ƙarin. Da rana ƙasa tana rigan ruwa ɗaukar zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga teku zuwa tudu. In a kan rairayi kike tafiya, ƙafa na nutsewa, ƙarfin da za ki kashe ya ninka na tafiya a kan daɓe, ba tare da gwiwa ta sha duka ba. Ga idon da ya saba tsayawa a jikin katanga, yau ya sami inda zai miƙe har ya gaji. Ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa, kullum yana cika yana janyewa bisa tafiyar wata, ba ranar da ya saɓa. In kika tsaya gabansa, maganar da kishiya ta yaɓa miki da bashin adashi sai su koma daidai girmansu.

Tafiya Iri Biyu Ce

Na san abin da wata 'yar uwa ta ƙauye za ta ce: "Mu da muke daka da surfe, mu ɗebo ruwa, mu yo itace, wane motsa jiki kuma za a koya mana?" Wallahi kin faɗi gaskiya, kuma ba na raina wahalarki. Macen da ta sha turmi tun asuba ta fi mai yawon bakin teku ƙona ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai ki tambayi kanki, me ya sa tafiya rijiya ba ta sa ki murmushi? Ai ƙafafun dai su ne, gumin ma shi ne. Bambancin yana cikin niyya da mai abin. In kin tafi rijiya, hankalinki na kan tulu, da tuwon da kika bari a wuta, da yaron da ke kuka. Jikinki a lokacin kamar jakin aro yake, kowa ya ɗora masa kaya, ba mai tambayar ko ya sha ruwa. Tun kina 'yar shekara bakwai ake aikenki, kika girma kina yi wa iyaye, kika yi aure kina yi wa miji da 'ya'ya da surukai. Duk lada ne, Allah Ya karɓa. Amma yaushe rabon da ki taka taku goma wanda ba na kowa ba ne?

A cikin gari kuma matsalar ta juye. Injin niƙa ya karɓe dutse da turmi, famfo ko mai kura ya karɓe tulu, babur da Keke sun karɓe tafiya unguwa. Uwargida ta wuni daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai gaban talabijin ko waya. Kafin ta kai arba'in gwiwa ta fara ƙara, baya ya riƙe, likita ya ce hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da ɗan sauri. Wato rabin awa sau biyar ke nan. Mu nawa ne a cikin gari muke samun ko rabin haka?

Kin ga ke nan ta ƙauye tana da motsi ba hutun rai, ta birni tana da zama ba lafiya. Abin da tattakin bakin teku ya haɗa wa matafiyiya shi ne biyun a lokaci ɗaya: jiki na aiki, rai na hutawa. Tafiya ce ta ba ta wannan dama, don a baƙon wuri ba tukunyar da ke jiranta, kuma ba wanda ya san ta balle ya kai labari.

Ina Kunya, Ina Addini?

Nan ne maganar ta fi nauyi, don mu mutane ne masu kunya, kuma ba na fatan ranar da za mu rabu da ita. Mutuncin 'ya mace ya fi duk wata iska da za ta sha. Amma ya kamata mu rarrabe abin da Allah Ya hana da abin da bakin mutane ya hana.

Ki tuna Uwar Muminai Nana A'isha (R.A.). Malaman hadisi, irin su Abu Dawuda, sun kawo cewa a cikin wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya sa sahabbai suka yi gaba, sannan ya yi tseren gudu da ita, ta kuwa tsere masa, lokacin ba ta yi jiki ba. Bayan wasu shekaru, a wata tafiyar, ta ƙara ƙiba, suka sake, ya tsere mata, ya yi dariya ya nuna mata an rama. Ki duba darasin da ke ciki. A halin tafiya ne, a fili ne, kuma don nishaɗi ne kawai. Sannan ya kiyaye mata sirrinta, tunda sai da jama'a suka yi nisa. Ga wasa ga kunya a wuri guda, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Ki tuna Nana Hajara, uwar Annabi Isma'ila (A.S.), da ta yi ta kai da kawo tsakanin Safa da Marwa tana nemar wa ɗanta ruwa. Har yau duk alhaji da hajiya sai sun bi sawunta sau bakwai, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi. Sarakuna da malamai duk sawun mace suke bi. Aikin Hajji kansa, daga Mina zuwa wurin jifa da dawowa, ibada ce ta ƙafa.

Ki tuna kuma Ummu Haram 'yar Milhan (R.A.). Da Manzon Allah (S.A.W.) ya ba ta labarin an nuna masa wasu daga al'ummarsa za su hau teku saboda Allah, ba ta ce ina ruwan mace ba, roƙonsa ta yi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya kuwa yi mata. A zamanin halifancin Sayyidina Usmanu ta hau jirgin ruwa tare da mijinta Ubada ɗan Samit zuwa tsibirin Ƙubrus, can ta rasu, kabarinta na can.

Nan kusa da mu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Jajinta sukan jagoranci mata daga ƙauyuka, su tako a ƙasa har wurinta su ɗauki karatu su koma. Ba wanda ya ce sun zubar da mutunci.

Akwai kuma labarin Salmanu Bafarishe da ɗan uwansa Abu Darda'i (R.A.), wanda ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa suka shiga damuwa. Salmanu ya tuna masa cewa kamar yadda Ubangiji ke da haƙƙi a kansa, haka kansa da iyalinsa, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya gaskata Salmanu. To in wanda ya gajiyar da jikinsa da ibada an ce ya sassauta, ina ga wadda ta gajiyar da nata da wanke-wanke, ko ta kashe shi da zama? Jikin nan amana ne, aro aka ba ki, kuma za a tambaye ki yadda kika riƙe shi.

Saboda haka sharuɗɗan a bayyane suke: sutura cikakkiya, yardar maigida ko iyaye, abokin tafiya na halal, nisantar wurin cakuɗuwa da tsiraici, da kiyaye lokacin salla. Ba kowane bakin teku ne ya dace da ke ba. Akwai wuraren da kiɗa da giya suka mamaye, musamman da yamma da ranakun hutu, waɗannan ki bar wa masu su. In sharuɗɗan sun cika, abin da ya rage na "kar a ce" ne kawai. "Kar a ce" kuwa ba ta taɓa biya wa kowa kuɗin maganin hawan jini ba.

Dariya Alhali Gida Ba Lafiya?

Akwai wata tambayar da ta fi ta gwaggo ciwo, ita kuma daga cikin zuciyar matafiyiyar take fitowa. Yaya zan ji daɗi a nan, alhali na san abin da na baro?

Ba sai an gaya mana abin da yankinmu ya gani ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bayan nan ga shekarun 'yan bindiga, ƙauyuka sun watse, mata da marayu sun cika garin Anka suna gudun hijira, zuwa gona ko itace ya zama sai da addu'a. A 2024 ambaliya ta rusa gidaje a Gummi, a watan Satumba na shekarar kuma kwale-kwale ya kife da manoma, aka rasa rayuka da dama. Wadda ta fito daga irin wannan wuri, in ta ji kanta tana dariya a bakin ruwa, dole wani abu ya soke ta a ƙirji.

Wannan sukar alamar imani ce, kada ki yi fatan rasa ta. Amma ki yi tunani da kyau. In kika ƙi fita, kika zauna a masauki kika haɗe rai, wace bazawara ce ta ƙoshi da hakan? Wane maraya ne ya sami riga? Baƙin cikinki ba ya zama abinci a cikin kowa. Abin da zai amfane su shi ne ki dawo da ƙarfi a jiki da sarari a zuciya, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwar da ta ƙone ƙurmus ba ta da abin ba 'ya'yanta sai tsawa.

Akwai daɗin da ke sa mutum ya manta da mutane, akwai kuma wanda ke sa ya tuna da su. Ma'aunin mai sauƙi ne. In kin dawo kina hura hanci, kina yi wa maƙwabta gorin ba su taɓa ganin teku ba, to kin yi asarar tafiyarki. In kuwa kin dawo kin fi haƙuri, hannunki ya fi sakewa, kina jin zafin cewa 'yar uwarki ba ta iya taka bayan gari cikin aminci, to daɗin nan ya zama godiya. Wadda ta ɗanɗana tafiya ba tare da waige ba ita ta fi sanin girman abin da aka ƙwace mana, ita ce kuma za ta fi naci wurin roƙon Allah Ya dawo mana da shi.

In Allah Ya Kai Ki

Ga 'yan shawarwari ga wadda tafiya ta kama. Ki fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu da takalmi marar tsini. Ki fara a hankali, sannu ba ta hana zuwa. In tekun Ikko ne ko Badagiri ko Kwatano ko Lome ko Ankara ta Gana, ki ji tsoron Allah kada ki shiga ruwan. Igiyar Atlantika tana da ƙarfin ja, tana ɗauke ƙwararrun masu iyo balle mai zane da hijabi. Ki tsaya inda rairayi ya jiƙe kawai, ki riƙe hannun yara gam. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su fara jin ta bakin likita. Maniyyaciya kuwa ta tuna ba a fafe gora ranar tafiya: tun saura wata biyu ko uku ki fara sabar wa ƙafarki, kada ki je ƙasa mai tsarki ki ƙare a keken turawa alhali da sauranki.

Tsarabar Da Ba Ta Shiga Akwati

To wadda ba ta da halin zuwa ko'ina fa, ita shi ke nan? A'a 'yar uwa. Teku bai ƙirƙiri daɗin nan ba, tono shi ya yi daga inda hidima ta binne shi. Yana nan a jikinki tun kina tsallen igiya da 'yar gala-gala.

Tsakar gidanki ta isa. Bayan sallar asuba, kafin a hura wuta, ki zagaya ta da ɗan sauri na rabin awa kina azkar ɗinki na safe. In wurin ƙarami ne, ki yi ta kai da kawo, ai Safa da Marwa ma kai da kawo ne. Ki jawo abokiyar zamanki ku yi tare, wataƙila abin da nasiha ta kasa gyarawa tsakaninku gumi da dariya su gyara. In za ku Islamiyya ko barka ko gaisuwa a cikin gari, ku haɗu ku uku ko huɗu ku taka, ku bar babur ya huta. Bayan gari da bakin gulbi kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kada ku je sai inda aka tabbatar da aminci, kuma cikin jama'a. Ke kuma da aikin ƙarfi ya riga ya ishe ki, naki rabon shi ne ki ware ɗan lokaci da yamma ki miƙe gaɓoɓinki, ki ɗaga kai ki kalli sama, ki ja numfashi wanda ba na kowa ba ne. 'Yan matanmu kuma a bar su su yi gaɗa da tsalle a cikin gida, kada a tsofar da su tun ba su tsufa ba.

Ga iyayenmu surukai, don Allah Inna, in kin ga matar ɗanki na zagaya tsakar gida kada ki ce aljanu sun taɓa ta. Lafiyar da za ta yi miki hidima da ita take nema. Ga maigida kuma, in littafin nan ya faɗo hannunka, Malam ka tuna wanda ya fi ka daraja ya yi tsere da iyalinsa. In tafiya ta kai ku kusa da teku, ka rage awa ɗaya daga cikin na kasuwa ka kai ta ta gani. Ba ko sisi za ka kashe ba, amma za ta riƙa yi maka addu'a a kai har tsufanta.

Amsar tambayarmu ke nan a nawa ɗan guntun tunani. Uwargida tana da haƙƙin shan iska, kuma in ta sha cikin sutura da godiya, lada ma za ta samu. Lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Ran da wata ta dawo daga tafiya, bayan kin karɓi dabinonki, ki matsa kusa ki tambaye ta abin da ya faranta mata rai, ki kuma saurara ba tare da dariya ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kai wadda ba ta je ba, Ya maimaita wa wadda ta je. Amin summa amin.